Yadda Holan ta rage wa mota gata ta maido da keke kan titi

A birnin Utrecht na ƙasar Holan akwai wani tsohon rafi da mutanen da suka haƙa ya kewaye gari domin tsaro, ya yi ɗaruruwan shekaru yana nan. A farkon shekarun 1970 hukumomin birnin suka cike wani ɓangarensa da ƙasa, suka shimfiɗa ƙaton titin mota a kai, don a wancan zamani abin da ake kira ci gaba ke nan. Bayan kusan shekara 50, a 2020, aka gama farfasa titin aka sake sako ruwan. A babbar tashar jirgin ƙasa ta wannan birni kuma akwai ma'ajiya mai hawa uku da ke ɗaukar keke 12,500, wadda aka kammala a 2019. Garin bai canza ba, jama'ar ma su ne, amma tunanin masu mulki a kan wanda ya fi cancantar titi ya juya gaba ɗaya.

Yawancin masu jin labarin Holan suna ɗauka hawan keke ɗabi'a ce da aka haifi mutanen ƙasar da ita, ko kuwa albarkacin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce wadda ba tudu ba gangare. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gaskiya, kuma sun daɗe da sanin keke. Sai dai bayan yaƙin duniya na biyu, da arziki ya samu, sun rungumi mota kamar kowa. Aka rushe unguwanni aka buɗe tituna, dandalin kasuwanni suka koma wurin ajiye motoci. A Amsterdam, inda a da keke ne abin hawan mafi yawan jama'a, ya ja baya har sai da ya rage kusan tafiya ɗaya cikin huɗu ake yi da shi. Tudu bai tsiro a ƙasar ba cikin waɗannan shekaru, kuma ba a baje wani tudu ba lokacin da keke ya dawo. Doka ce ta canza, da kasafin kuɗi, da yadda ake zana titi. Yau sama da kashi 25 cikin 100 na dukan tafiye-tafiyen ƙasar a kan keke ake yin su, kuma kekuna sun fi mutane yawa: wajen miliyan 23 ga al'ummar da ke kusan miliyan 18.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A farkon shekarun 1970 hatsarin mota yana cin ran sama da mutum 3,000 kowace shekara a ƙasar da al'ummarta ba ta wuce miliyan 13 da 'yan kai ba, kuma fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa 'yarsa ƙarama a hanyar makaranta, ya rubuta maƙala a 1972 yana kiran a daina kashe yara. Daga wannan kira aka kafa ƙungiyar Stop de Kindermoord, wadda wata matashiyar uwa, Maartje van Putten, ta jagoranta. Iyaye suka riƙa tare tituna suna shimfiɗa tebura a tsakiyar kwalta don yara su yi wasa, suna zuwa ƙofar gidajen shugabanni a kan kekuna. Buƙatarsu ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ba su tsaya a kan a koya wa yara tsallaka titi ko a yi wa direbobi nasiha ba. Cewa suka yi titin kansa ne aka gina ba daidai ba, a gyara shi.

Ana cikin haka sai ga rikicin man fetur na Oktoban 1973. Ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Holan mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Gwamnatin Firaminista Joop den Uyl ta haramta tuƙa mota a ranakun Lahadi, daga Nuwamban 1973 zuwa farkon Janairun 1974, mutane suka ga manyan titunansu fayau, yara na yawo da kekuna a inda jiya ba mai iya tsallakawa. A 1975 aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, wadda har yau take nan tana matsa wa hukumomi lamba.

To amma ƙasashe da yawa sun ɗanɗana wannan tsadar mai, kuma da farashi ya sauka suka koma gidan jiya. Abin da ya bambanta Holan shi ne gwamnatin tsakiya ta mayar da fushin jama'a ya zama tsari da kuɗi. A tsakiyar shekarun 1970 ta biya kuɗin gina hanyoyin keke na gwaji a biranen Tilburg da Hague, ta kuma buɗe asusun da ke ɗauke wa ƙananan hukumomi kaso mai tsoka na kuɗin duk hanyar keken da suka gina. Gwajin ya koya musu darasi mai tsada: hanya ɗaya tilo, komai kyanta, ba ta sa mutum ya ajiye mota, domin tafiyarsa ba a bakin hanyar take farawa ba, kuma ba a nan take ƙarewa ba. Idan kilomita uku lafiya lau ne amma akwai mararraba ɗaya mai ban tsoro a tsakani, uwa ba za ta bar ɗanta ya bi ba. Saboda haka a birnin Delft, cikin shekarun 1980, aka gwada saƙa hanyoyin su haɗe da juna ko'ina cikin gari, ana cike giɓi da 'yar gada a nan, hanyar ƙarƙashin ƙasa a can. Wannan ne ya zama abin koyi. A 1990 ma'aikatar sufuri ta ƙaddamar da babban shirin keke na ƙasa wanda ya ɗauki shekaru bakwai, a 1993 kuma cibiyar CROW, mai tsara ƙa'idojin gina hanyoyi, ta fitar da littafin zanen hanyar keke.

A ganina wannan littafi, da ire-irensa, shi ne makami mafi ƙarfi da gwamnatin ƙasa ke da shi, kuma shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba saboda ba ya da armashi a bakin ɗan siyasa. Injiniya ba ya zana titi da son ransa. Yana buɗe littafin ƙa'ida ne ya ga faɗin layi nawa ne, kwana yaya za ta lanƙwasa, gudun da aka yi wa hanyar niyya nawa ne. Idan littafin mota kawai ya sani, to ko da gwamna da minista suna son keke, abin da ɗan kwangila zai zuba hanyar mota ce. Idan kuwa littafin ya ce duk titin da ake gudun kilomita 50 a kansa dole a ware wa keke hanyarsa da dakali ko bishiyoyi a tsakani, to kowane titi da aka gina ko aka sabunta cikin shekara 30 masu zuwa da hanyar keke zai zo, ba sai an yi bikin yanke kirtani ba. Haka Holan ta tara wajen kilomita 35,000 na hanyoyin keke: da yawansu an yi su ne a lokacin da dama za a fasa titin don gyaran kwalta ko bututun ruwa.

Tushen wannan tsari wata manufa ce da cibiyar binciken hatsarin hanya ta ƙasar, SWOV, ta gabatar a 1992, gwamnatin tsakiya da larduna da ƙananan hukumomi suka rattaba hannu a kan aiwatar da ita a 1997. Manufar ta fara ne da amincewa cewa ɗan Adam zai yi kuskure ko an so ko ba a so ba, direba zai shagala, yaro zai faɗo titi a guje, don haka aikin mai zana hanya shi ne kada kuskuren ya zama ajali. Sai aka raba hanyoyin ƙasar gida uku. Akwai manyan hanyoyi na tafiya mai nisa, inda ake gudu sosai kuma keke ba ya shiga sam. Akwai hanyoyin da ke rarraba ababen hawa tsakanin unguwanni, ana gudun kilomita 50 a cikin gari, nan keke na da hanyarsa daban. Sai titunan unguwa, inda gidaje da makarantu da shaguna suke, nan kowa na cakuɗe amma gudu ba ya wuce kilomita 30. Ba a yarda titi ɗaya ya yi aiki biyu ba, wato ya zama hanyar wucewar manyan motoci kuma ya zama ƙofar gidan mutane. Haɗa tirela da ɗan makaranta a layi ɗaya kamar kwana da kaji ne a turken shanu, ko shanun ba su da mugunta sai an wayi gari da asara.

Lambar 30 ɗin nan ba da ka aka zaɓe ta ba. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka motar da ke gudun kilomita 50 tana bugu da ƙarfin da ya kusa ninka na mai gudun 30 sau uku, ga shi kuma tana buƙatar fili mai tsawo kafin birki ya tsayar da ita. Wanda aka buge a gudun 30 galibi yana tashi, wanda aka buge a 50 ko 60 sau da yawa sai dai a ɗauki gawa. Kuma ba allo kawai suke kafawa a rubuta 30 ba, don sun san direba ya fi yi wa siffar titi biyayya fiye da allo. Sai su matse titin, su shimfiɗa bulo maimakon kwalta mai santsi, su ɗaga mararraba ta zama tudu, su dasa bishiya a inda za ta sa a karkata sitiyari. A shataletale kuma ana yi wa keke zobensa a waje, a bar tazarar tsawon mota guda tsakaninsa da zoben motoci, domin direban da zai fita ya fuskanci mai keke gaba da gaba ya gan shi. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke sa dattijuwa mai shekara 70 da yaro ɗan shekara takwas su hau keke ba fargaba.

Akwai wani ɓangare da masu yabon Holan kan tsallake, alhali shi ne ƙashin bayan al'amarin. Fifita keke yana nufin a karɓe wani abu daga hannun mota, ko fili, ko gudu, ko gajeriyar hanya. Birnin Groningen ne ya fi fito da wannan fili. A 1977, bisa jagorancin wani matashin ɗan majalisar birni, Max van den Berg, aka raba tsakiyar garin kashi huɗu, aka hana mota tsallakawa daga wani kashi zuwa wani kai tsaye. Mai mota dole ya fita zuwa titin da ya kewaye gari ya zagayo, mai keke da mai tafiya a ƙasa da motar bas kuwa su ratsa abinsu. 'Yan kasuwa suka tayar da ƙayar baya, suna cewa ciniki zai mutu. Cinikin bai mutu ba, kuma yau wajen kashi 60 cikin 100 na zirga-zirgar cikin birnin a kan keke ake yi. Mutumin Groningen ba don tausayin muhalli yake hawa keke ba. Yana hawa ne don tafiyar da za ta ɗauke shi minti goma a keke za ta ci fiye da haka a mota, sannan ya biya kuɗin ajiye ta. Aikin birni ne wannan, amma dokar ƙasa ce ta ba birnin ikon rufe titi da sa kuɗin ajiye mota, kuma ba ta tilasta masa faɗaɗa hanya ba.

Doka ta biyo da nata gudummawar ta fuskar diyya. A ƙarƙashin sashe na 185 na dokar hanya ta Holan, da hukunce-hukuncen kotun ƙoli na farkon shekarun 1990, idan mota ta buge mai keke ko mai tafiya a ƙasa, nauyin biyan diyya yana kan ɓangaren mai motar sai in ya tabbatar da cewa abin ya fi ƙarfinsa. In wanda aka buge yaro ne ɗan ƙasa da shekara 14, ana biyan sa diyya cikakkiya ko da shi ne ya yi ganganci irin na yara. In babba ne, a ƙalla rabi. Wannan batun diyya ne da kamfanin inshora ke biya, ba a ce an ɗaure direba ba tare da laifi ba. Hujjar a bayyane take: wanda ya shigo da ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya cikin jama'a shi ya kawo haɗarin, shi ya kamata ya ɗauki nauyinsa. Kada dai a ɗauka wannan doka ce ta cika tituna da kekuna. Mai keke ba ya fita don yana sa ran diyya. Tana dai tabbatar da wanda ƙasa ta tsaya wa idan abin ya faru.

Sauran matakan na aljihu ne da na fili. Sayen sabuwar mota a Holan yana da haraji na musamman ban da harajin kaya, harajin fetur ɗinsu yana cikin mafi tsada a Turai, kuma kuɗin tafiya aiki da ma'aikaci ke iya karɓa ba tare da haraji ba, santi 23 na yuro kan kowace kilomita a 2024, ɗaya ne ko da mota ya zo ko da keke. Tun shekarun 1970 gwamnati ta taƙaita gina manyan kantuna a bayan gari, don haka kanti da makaranta da asibiti suka zauna kusa da gida, tazarar da ƙafa ko feda za ta iya. Sannan aka ɗaura keke da jirgin ƙasa: kusan rabin fasinjojin jirgi a kan keke suke isa tasha, kuma tun 2003 akwai kekunan haya a tashoshi da mutum zai ɗauka idan ya sauka. Keke shi kaɗai ba ya kai mutum kilomita 60, jirgi shi kaɗai ba ya kai shi ƙofar gida, amma in an haɗa su sun maye gurbin mota.

Wanda ke shakkar cewa manufar gwamnati ce ke juya wannan al'amari ya dubi ƙasar Sin, inda aka yi tafiyar ta baya. A 1986 sama da kashi 60 cikin 100 na masu zirga-zirga a Beijing a kan keke suke. A 1994 gwamnati ta ayyana ƙera motoci a matsayin ginshiƙin tattalin arziki, aka shiga faɗaɗa tituna ana cinye layukan keke, har Shanghai ta hana kekuna bin wasu manyan titunanta. Kafin 2010 rabon keke a Beijing ya faɗo ƙasa da kashi 20, cunkoso da hayaƙi suka maye gurbinsa, daga baya hukumomi suka dawo suna kashe kuɗi don maido da abin da suka kora. Faɗaɗa titi kuma ba ya maganin cunkoso na dogon lokaci. A Houston ta Amurka an kashe kusan dala biliyan uku aka faɗaɗa babbar hanyar Katy har wani wuri ta kai layi 26, aka gama a 2008, cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo, domin sabon fili yana kiran sababbin motoci. Layi ɗaya mai faɗin mita uku da rabi yana wuce da mutum wajen 2,000 a awa idan motoci ne, in kekuna ne ya ninka haka sau biyar ko fiye, kuma wurin ajiye mota ɗaya yana ɗaukar keke goma.

Holan ba ta kori mota ba. Akwai motocin hawa wajen miliyan tara a ƙasar, kuma manyan hanyoyinta suna cikin mafi kyau a Turai. Tafiyar kusa ce aka ƙwace daga hannun mota. Ribar a fili take: mace-macen hanya sun sauko daga sama da 3,000 zuwa 684 a 2023 duk da ƙaruwar jama'a da motoci, kuma wani bincike da masana a Jami'ar Utrecht suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa motsa jikin da ake samu a hawan keke yana hana mutuwar mutum wajen 6,500 a shekara. Amma akwai abin damuwa. Daga cikin waɗancan 684, mutum 270 masu keke ne, sun fi waɗanda suka mutu a cikin mota yawa, kuma akasarinsu tsofaffi ne. Kekuna masu batir sun sa dattawa suna tafiya mai nisa da gudu, hanyoyin da aka gina shekara 30 da suka wuce sun yi wa jama'a kaɗan. Shi ya sa Amsterdam ta mayar da yawancin titunanta gudun kilomita 30 a Disambar 2023. Aikin bai ƙare ba ko a wurin waɗanda suka fi kowa iyawa.

Nijeriya ta taɓa gwada tata hanyar. A 2001 ministan sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma keke, shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata. Mutane da yawa dariya suka yi, amma ni ina ganin mutumin ya hango gaskiya, kuskurensa kawai ya fara da kira kafin a gyara hanya. Abin da ya same shi shi ne amsar da titunan Abuja ke ba duk wanda ya amsa irin wannan kira. Har zuwa 2023 kuma ƙasar tana da manufar sufuri mai ƙarfi wadda ba a kira ta da sunanta ba, wato tallafin man fetur. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, kuma wanda ya fi yawan motoci shi ya fi cin moriyarsa. Manomin da ke kai buhu kasuwa a bayan kekensa bai sami ko kwabo ba kai tsaye. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ma'aikata da ɗalibai da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekuna. Wannan ita ce irin ƙofar da ta buɗe wa Holan a 1973. Bambancin shi ne har yanzu abin alfaharin gwamnatocinmu gadar sama ce, kuma gadar sama, ko ta Dangi ko ta Hotoro a Kano, an yi ta ne don mota ta wuce ba tsayawa, mai keke da mai baro su san yadda za su yi.

Ba baƙon abu muke magana a kai ba. Kakanninmu sun yi aikin gwamnati da fatauci a kan Rale, garuruwanmu shimfiɗaɗɗu ne kamar na Holan, mai faci da mai gyaran keke suna kowace unguwa. Da aka hana babura a Maiduguri a 2011 saboda matsalar tsaro, keke ya cika garin, manya da yara. A Wagadugu manyan tituna suna da layin gefe na masu ƙafa biyu, haka ma Tamale a arewacin Gana. Abin da ya rage wa keke daraja a wurinmu shi ne an mayar da shi alamar rashi, kuma titi ne ya koya wa mutane haka: duk wanda aka tura cikin ƙura a gefen kwalta, ana danna masa ham, kowa ya san ba shi ne mai gari ba. Ranar da keke ya fi mota saurin kai mutum Kantin Kwari daga Gwale, kuma ya isa lafiya, masu kuɗi ma za su hau.

Akwai uzurori na gaskiya da bai kamata a raina ba. Zafin watan Afrilu ba wasa ba ne. Amma birnin Sebiya na Sifaniya, inda zafi kan kai digiri 40 a bazara, ya gina wajen kilomita 80 na hanyoyin keke masu shinge cikin 2006 da 2007, ya ƙara zuwa 120 kafin 2010, masu hawa suka ninka sau da yawa. A ƙasa mai rana, bishiya tana cikin kayan aikin hanya kamar kwalta, kuma darbejiya ba ta da tsada. Matsala mafi wuya ita ce wanda zai mamaye layin. In fenti kawai aka shafa, kafin mako ya zagayo 'yan adaidaita sahu sun mayar da shi wurin lodi, masu tebur sun baje kaya, mai mota ya ajiye tasa ya shiga kasuwa. Ba mugunta ce ta sa su ba, su ma ba a ware musu wuri ba ne. Dole zanen ya zo da dakali mai tsayi, da wurin tsayawar adaidaita, da filin masu sana'a, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza. Batun babur kuma sai an yanke shawara a kai tun farko, don babur mai gudun kilomita 60 a layin keke ya mayar da layin abin da aka gudu.

Gwamnatin tarayya ba ta mallaki yawancin titunan cikin gari ba, na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Amma haka abin yake a Holan. Abin da ke hannunta ya isa: littafin ƙa'idar zanen hanya na ma'aikatar ayyuka, wanda jihohi ke kwaikwaya, harajin kwastan a kan keke da taya da sarƙa da sauran kayan gyara, dokar gudu da ta inshora, tashoshin jirgin ƙasa irin na Rigasa da Idu da waɗanda ake ginawa a layin Kano zuwa Maraɗi, da kuma sharaɗin da za ta iya gindayawa a kan duk kuɗin hanya da ta bayar. Birnin Nairobi ya rubuta a manufarsa ta 2015 cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hanyoyi zai tafi ga masu tafiya a ƙasa da masu keke, Habasha ta fitar da tsarin ƙasa na shekara goma a 2020, Legas ma tana da tata manufar tun 2018. Rubutawa ba ta da wuya, sakin kuɗin ne gwajin.

In da za a tambaye ni inda za a fara, zan ce hanyoyin tarayya da ke ratsa tsakiyar garuruwa, inda tanka da tirela ke wucewa a guje tsakanin makaranta da kasuwa. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana ƙirga sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a hanya kowace shekara, waɗanda aka kai rahotonsu ke nan. Rage gudu a cikin irin waɗannan garuruwa, da shimfiɗa hanyar gefe mai faɗin mita biyu ko uku wadda aka raba da kwaltar, ta miƙe zuwa ƙauyukan kusa, ba zai ci kuɗin gadar sama guda ba. Amfaninsa kuma ya wuce sufuri. A jihar Bihar ta Indiya, tun 2006 gwamnati ke ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke, bincike ya nuna shigarsu makaranta ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, kuma ƙarin ya fi yawa a ƙauyukan da makarantar ta yi musu nisa. Muna da dubban irin waɗannan ƙauyuka tsakanin Sakkwato da Borno, inda sakandare mafi kusa take kilomita biyar ko bakwai, kuma hanya ɗaya da ke kai wa can ita ce wadda tirela ke bi.